Makin kundin zane: na ɗalibi ne ko na manhaja?

Wata sabuwar al'ada tana bazuwa a makarantun da ke da kwamfuta. Malamin kimiyyar halittu ya ce a zana masa zuciya da jijiyoyinta, na labarin ƙasa ya ce a kawo taswira, na tarihi yana son fosta. Ɗalibi ya yi su a waya ko kwamfuta, ya tara a kundi guda, ƙarshen zango a ba shi maki. Ni ban ga aibun wannan ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake ba da makin.

Sau da yawa malam yakan buɗe kundi, launi ya ɗauke masa ido, sai ya zuba maki. To amma ƙyalƙyalin na wa ne? Manhaja irin Canva cike take da shiryayyun fasali. Yaro ya zaɓi ɗaya, ya sauya rubutu, cikin minti kaɗan aiki ya fito kamar daga maɗaba'a. Wanda ya kwana yana gyara taswirarsa a tsohuwar wayar yayarsa kuwa, nasa ya fito a karkace. Idan aka bi ido, an ba da makin ne ga waya mai tsada da kuɗin data. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin. A 2022 wani hoto da aka samar da manhajar Midjourney ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Colorado ta Amurka. Idan alƙalan gasa sun ba irin wannan hoto lambar yabo, ina ga malamin da ke da aji cike maƙil da kunduna jibge a gabansa?

Waɗanda suka daɗe a harkar sun riga sun gano bakin zaren. A tsarin International Baccalaureate, manhajar darasin zane da aka fara jarrabawa da ita a 2016 ta ware kashi 40 cikin ɗari ga kundin da ke nuna yadda aiki ya faro: gwaje-gwaje, zanen farko, abin da aka fasa da dalilin fasa shi. Baje kolin ayyukan da aka kammala shi ma kashi 40, sauran 20 na kwatanta ayyukan wasu masu zane. A jarrabawar zane ta AP a Amurka, kashi 60 na makin yana kan bincike mai ɗorewa, hotuna 15 da ke nuna yadda ɗalibi ya bi tambaya guda yana gwadawa yana gyarawa. Tun shekarun 1980 ma, shirin Arts PROPEL da masu bincike na Harvard suka yi da makarantun Pittsburgh ya dage a kan haka. Dalilin a fili yake: ana iya aro hoto kammalalle, amma da wuya a aro matakai biyar na kuskure da gyara, a kuma tsaya gaban malam a kare su.

Sai kuma batun da aka fi kau da kai a kansa, wato wa ya cancanci ya auna me. Malamin kimiyya ya san ko an ɗora jijiya a gurbinta. Shi ne huruminsa, nan ya kamata makinsa ya tsaya. Tsarin shafi, zaɓen launi da girman rubutu na malamin zane ne. Idan mutum ɗaya ya haɗa duka ya ce "ya yi kyau, takwas cikin goma", yaro bai san kimiyyarsa aka yaba ko kwalliyarsa ba, bai kuma san abin da zai gyara ba. (Na san akwai makarantun da babu malamin zane ko ɗaya. A can, gara a bar makin kyau gaba ɗaya da a yi shi da ka.)

Za a ce wannan ƙarin aiki ne ga malamai, kuma gaskiya ne. Maganinsa a rage yawan ayyukan. Ayyuka uku masu ɗauke da tarihinsu sun fi goma sha biyu da aka goge musu sawu.

Don haka malamai, kafin ku karɓi kundi na gaba, ku gaya wa yara tun ranar farko su adana kowane mataki, har da hoton zanen fensir na bayan littafi. Ranar ba da maki kuma ku kira yaron, ku nuna wuri guda a aikinsa, ku tambaye shi me ya sa ya yi shi haka.