Sharhi kan littafin Michael Watts game da yunwa a ƙasar Hausa

A cikin Silent Violence (1983), Watts ya nuna cewa ba fari kaɗai ya haifi Kakalaba, yunwar 1914, ba. Harajin kuɗi ya tilasta wa manomi sayar da hatsinsa tun da kaka, lokacin araha, damina ta tarar da rumbunsa wayam. Wannan hujja ta zauna daram.

Sai dai binciken, da ya dogara ga takardun Ingila da garin Kaita na ƙasar Katsina, ya tsaya a bakin iyaka, alhali yunwar ta ƙetare. Katsinawan Maraɗi sun sha ta ƙarƙashin lanhon Faransa da aikin dole. In ba a kwatanta ɓangarorin biyu ba, da wuya a bambanta laifin Ingila da na mulkin mallaka baki ɗaya.