“Hit”, “frapper” da “buga”: sharhi kan jera kalmomi masu kama da juna a ƙamus

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe ƙamus mai harshe biyu ya nemi aikatau “hit” na Ingilishi ko “frapper” na Faransanci, zai tarar da jerin kalmomin Hausa: buga, doka, mara, nausa, da makamantansu. Wannan maƙala tana nuna cewa irin wannan jeri yana ɓoye bambance-bambancen da Bahaushe yake ji a kunnensa, kuma ɓoyewar tana da illa a aji da gaban alƙali.

2. Abin da magabata suka yi

Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmomi masu kusancin ma'ana da yawa, har yakan nuna karin harshen da wata kalma ta fito, kamar Sakkwatanci ko Katsinanci. Abraham, a 1949, ya fi ba da ƙarfi ga jimlolin misali. Aikinsu abin yabo ne, amma tara kalmomi wuri guda bai isa ya gaya wa mai koyo wadda zai ɗauka ba.

Charles Fillmore, a nazarinsa na 1970 kan “hit” da “break”, ya nuna cewa na farko yana bayyana haɗuwar abu da abu ne kawai, na biyu kuwa yana bayyana sauyin da ya sami abin. Hausa ta amince da wannan: ana iya cewa “na bugi tulun amma bai fashe ba”, ba a cewa “na fasa tulun amma bai fashe ba”. Sai dai Hausa ta ƙara wasu ma'aunai biyu.

3. Ma'auni na farko: da me, kuma a ina

Mari da tafin hannu ne, a fuska. Naushi da dunƙulallen hannu. Ranƙwashi da gaɓoɓin yatsu, a ka. Shuri da ƙafa, tsulawa da bulala, tunkuyi na rago ne, harbi kuwa na jaki. A kowace kalma, makami, wani lokaci har da gurbin da ya sauka, yana cikin ma'anarta. Saboda haka ba a cewa “ya mare shi da sanda”. “Buga” da “doka” kuwa suna karɓar kusan kowane makami.

4. Ma'auni na biyu: ajin aikatau

Tsarin azuzuwa bakwai da Parsons ya fitar a 1960 yana sauya ma'anar saiwa guda:

(a) ya buga masa sanda (aji 1)
(b) ya bugi yaro (aji 2)
(c) mota ta buge akuya (aji 4)
(d) ya bugo waya (aji 6)
(e) ya bugu (aji 7)

A (c) akuyar ta faɗi, wato aji 4 ya shigo da sakamakon da Fillmore ya ce “hit” ba ya ɗauke da shi. A (e) kuma mai yiwuwa ba wanda ya taɓa mutumin, giya ce ya sha. Ga kuma buga littafi, buga bulo, bugun shadda da bugun ƙasa, inda Faransanci yake buƙatar aikatau dabam ga kowane.

5. Illar abin

A ɗauka manomi daga Bazaga ya kai ƙara Birnin Ƙonni bayan rikicin gona. Idan ya ce “ya dungure ni”, raini yake kuka da shi. Idan ya ce “ya ba ni kashi”, dukan tsiya yake nufi. Tafintan da ya mayar da duka biyun “frapper” ya shafe bambancin da hukunci zai dogara a kansa. Haka ɗalibin makaranta mai harshe biyu, idan aka ba shi jeri ba bayani, zai ɗauka kalmomin musayar juna suke.

6. Shawara

Muna ganin kowane aikatau na duka ya kamata ya zo a ƙamus da bayani huɗu: makami, gurbi, aji, da jimlar da mai magana ya furta. Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a 1991. Ya rage ga ɗalibanmu su tattaro irin waɗannan jimloli a ƙauyukan Ƙonni, Malbaza da Illela, a gwada su da abin da ƙamusoshin da suka dogara da Kananci suka rubuta.