Jita, Salla da Maƙwabci: Nazarin Kiɗan Arewacin Tawa

A fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas aka fitar a 2015, akwai wani uba mai tsananin riƙon addini da ya gano ɗansa na kaɗa jita, sai ya ɗauki jitar ya lalata ta. Wanda ya fito a matsayin ɗan shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan yankin Abalak da Cintabaradan a arewacin jihar Tawa. An gina fim ɗin ne a kan Purple Rain na 1984, wanda ya ɗaukaka mawaƙin Amurka Prince. A na Amurka uban makaɗi ne da duniya ta juya wa baya, yana huce haushinsa a kan matarsa. Da labarin ya iso Nijar sai uban ya koma mai ibada, rigimar gidan kuma ta koma ta halal da haram. Masu shirya fim ɗin sun san abin da suke yi, domin a nan ƙasar duk yaron da ya ɗauki jita, da wannan tambayar yake fara cin karo tun kafin ya iya kama tsirkiya.

Mahamadu Sulaiman, sunansa na yanka ke nan, ya ci karo da ita a zahiri. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 cikin dangi masu addini waɗanda ba sa ganin kiɗa da mutunci. Da ya ga makaɗin jita Abdallah ag Oumbadougou yana wasa, sai abin ya shige shi. Babu kuɗin saya, babu kuma mai saya masa, don haka ya samo katako ya fafe, ya zare wayoyin birkin keke ya ɗaura su a matsayin tsirkiya. Bahago ne, kuma da hagun yake kaɗawa har yau a manyan dandalin Amurka da Turai.

Shi kiɗan da ya gada, ba daga masallaci ya fara samun maƙiya ba. Samarin Abzinawa da farin 1973 da na 1984 suka kora Aljeriya da Libiya su suka ƙirƙiro shi, suna rera kewar gida da kiran haɗin kai. Bayan kisan da sojoji suka yi a Cintabaradan a watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, kaset ɗin jita ya zama abin ɓoyewa, ana miƙa shi hannu da hannu, wanda aka kama da shi kuwa ya shiga uku. Sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 1995 jita ta fito fili ta zama kiɗan biki. Gwamnati ce ta fara hana ta, kuma saboda siyasa.

Hanyar Mdou zuwa duniya ta ƙasar Hausa ta bi. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan da waƙoƙin finafinan Hausa suka saba da ita. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har Mali, inda wani Ba'amurke mai neman kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai ita. Daga nan sai Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, sai Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024. Abin lura ga wannan nazari shi ne yaron da aka ce kiɗa zai raba shi da Allah bai taɓa fitar da Allah daga waƙarsa ba. Mahalicci yake kai wa kuka a Ilana, a kan halin da mutanensa ke ciki da yuraniyom ɗin da ake kwashewa daga ƙasarsu. A Afrique Victime akwai waƙar da ya buɗe sunanta da bismilla.

Ƴan jaridar Turai na son labarin ɗan tawayen da ya kuɓuce wa malamai ya rungumi jita. Labari ne mai sayuwa, amma ya yi wa Adar, wato ƙasar Tawa, ƙaramar riga. Gardamar wane ne Musulmin kirki, da yadda za a zauna da wanda ake ganin ya kauce, ta girmi jita da shekaru ɗaruruwa a wannan ƙasa. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutumin Adar ne, kuma yana ganin mai aikata manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu, duk da girman da yake ba malaminsa, ya saɓa masa a kan wannan a rubuce. Ko a kan kiɗa ma bakin shugabannin jihadi bai zo ɗaya ba: Shehu ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya, ƙanensa Abdullahi ya tsaya a kan tsanani. A farkon ƙarni na 19 kuma Muhammadu Jelani ya ɗaga tasa tutar jihadi cikin Abzinawan wannan yanki, ta yi ƴan shekaru ta faɗi.

Duk waɗannan guguwoyin sun wuce sun bar Anna, masu addinin gargajiya, a kan duwatsunsu. Tun bayan da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar a 1674, sarauta ta Musulmi ce, amma sha'anin ƙasa da tsafin damina ya zauna a hannun masu gargajiya, kowa ya san iyakarsa. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta daɗe tana bincike a ƙauyukan Adar, ta rubuta littafi guda a kan borin wannan yanki a 1989. A Masallata kusa da Birnin Ƙwanni har zuwa zamanin nan ana taruwa a yi arwa don duba abin da shekara za ta zo da shi, kuma cikin masu zuwa sauraro akwai waɗanda ba sa wasa da salla. Su ma Abzinawa suna da nasu: tende, turmin da ake ɗaure wa fata a jiƙa ta da ruwa mata su kewaye shi da tafi, ana kaɗa shi a bikin raƙuma, ana kuma kaɗa shi don warkar da wadda iskoki suka taɓa. Duk mai kunne zai ji tafiyar tende da ta kiɗan takamba a ƙarƙashin jitar Mdou, komai ƙarar lantarkin da ya ɗora a kai. Wato kiɗan da yake kai sunan Mahalicci Turai da shi, wata jijiyarsa na cikin abin da mai wa'azi zai kira shirka kai tsaye.

A nan ne labarin Prince ke da amfani, domin shi ta ɗaya ƙofar ya shigo. Ya tashi a gidan Kiristoci masu ibadar Asabar, ya yi suna da waƙoƙin batsa har iyaye a Amurka suka kafa ƙungiyar neman a riƙa manna wa faifai takardar gargaɗi. A farkon shekarun 2000, ta hannun abokinsa makaɗi Larry Graham, ya shiga Shaidun Jehobah, masu mujallar nan Hasumiyar Tsaro da ake bugawa har da Hausa. Ƙungiya ce da manyan coci-coci ke kallo a karkace: ba sa karɓar ƙarin jini, ba sa aikin soja, ba sa sara wa tuta, ba sa jefa ƙuri'a. Malawi ta haramta su a 1967, Rasha ta yi haka a 2017. Prince ya daina ashar a dandali, ya jingine wasu tsofaffin waƙoƙinsa, ya riƙa bin gida-gida a Minnesota yana wa'azi kamar kowane ɗan'uwa a ƙungiyar, har rasuwarsa a 21 ga Afrilun 2016. Masoyansa da yawa sun yi gunaguni, amma ba wanda ya ƙona masa gida. Shahara ta zame masa garkuwa, irin wadda Bashaidin Malawi bai samu ba.

Haƙurin da ake yi da tauraro, ko wanda tauraro ke yi da wasu daga kan dandali, ba shi da tsada. Mai tsadar yana unguwa. A jihar Tawa, inda kusan kowa Musulmi ne, asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950, Alhazai da Hajiyoyi na kwanciya a gadonsa suna tashi da addininsu. A Abalak, Ba'amurke Kirista Jeffery Woodke ya zauna cikin Abzinawa da Fulani tun farkon shekarun 1990 yana aikin rijiyoyi da makarantu, kowa ya san addininsa, aka kuma zauna da shi fiye da shekara 20. Waɗanda suka sace shi ranar 14 ga Oktoban 2016 ƴan bindiga ne, sun kashe masu gadinsa biyu, bai kuɓuta ba sai a Maris 2023.

Ba za a ɓoye cewa wannan zaman ya sha girgiza ba. Wa'azin Izala, da aka kafa a Jos a 1978 ya tsallako iyaka, ya rage wa ƴan bori da masu goge kasuwa, ya kuma sa bikin aure da kiɗa ya zama abin tuhuma a gidaje da yawa, ko da yake adalci ne a ce yawancin masu wannan ra'ayi da baki suke yi, ba da sanda ba. A Nuwambar 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi, wutar ta kai har wani coci. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, Ba'adare ɗan Dandaji, ya fito ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci Musulunci ba. A arewacin Mali kuwa masu bindiga sun haramta kiɗa ɗungurungum a 2012, kuma irinsu ne suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya da ke jihar Tawa ranar 21 ga Maris 2021, Musulmi ƴan'uwan Mdou. Uban da ya hana ɗansa jita don yana tsoron lalacewarsa da wanda ya shigo ƙauye a kan babur yana harbi ba abu ɗaya ba ne, kuma duk rubutun da ya haɗa su a kwando guda ya zalunci uban.

Inda jita ke aikinta na gaskiya shi ne filin biki. A shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, a jawo waya daga injin wuta zuwa ƴar amsa-kuwa da ƙura ta cinye, samari su jera babura su haska fili da fitilunsu idan dare ya yi. Biyu-biyu ake shiga rawa, maza da rawani har hanci, mata na guɗa daga gefe. Ladan na ɗaga murya sai a kashe na'ura, makaɗin ya jingine jita ya nemi buta. Ba wanda ke tsayawa a bakin fili yana tambayar wane ne ɗan ɗariƙa, wane ne ɗan Izala, wace ce kakarta ke da iskoki, ko ma'aikacin nan ɗan Benin ina yake zuwa ran Lahadi.

Sai dai akwai inda wannan kiɗa ya gaza, kuma ya kamata masoyansa su faɗa. Bakinsa na da kaifi a kan Faransa, da yuraniyom, da shugabannin da suka ci amana, da harshen Tamashek da yara ke saki. A nan Turai ke tafa masa. Amma mai goge da ke kaɗa wa ƴan bori a bayan gari, wanda ake kira da dare idan ciwo ya gagara a kuma kauce masa da rana, ba shi da kamfanin faifai a Amurka, ba shi da mai kare shi. Shi da ƴan tsirarun Kiristocin yankin su ne ma'aunin haƙurin Adar na yau, kuma manyan waƙoƙin jita da suka zagaya duniya sun fi duban azzalumin nesa fiye da maƙwabcin da ake ƙyama. Tawa na da wurin da za a iya fara wannan gyara: gasar Ɗan Gurmu, da aka kafa a shekarun 1980 da sunan tsohon mawaƙin garin, inda makaɗan zamani daga duk jihohin Nijar ke karawa. Masu shirya ta za su iya sa mai goge da mata masu tende a dandali ɗaya da masu jita, da sunansu a takardar gayyata da kuɗin sallama daidai da na kowa.