Fuskar Falconetti: Raddi Ga Masu Raina Majigin Da Ba Ya Magana

Akwai masu da'awar cewa majigin farko, wanda ake kallo babu sauti, rarrafe ne kawai na sana'a, wanda ya wajaba a manta da shi tun ranar da na'ura ta koyi magana. Wannan hukunci ne na wanda ya ji labari bai gani ba, kuma hujja guda ta isa ta rushe shi, watau aikin Renée Falconetti.

An haife ta a Faransa a 1892, ta tashi a dandalin wasan kwaikwayo na Faris, inda Carl Dreyer, mai shirya majigi mutumin Denmark, ya gan ta, ya zaɓe ta ta fito a fim ɗinsa a matsayin Jeanne d'Arc, budurwar da malaman coci suka tuhuma da bidi'a, aka ƙone ta a Rouen a 1431. Fim ɗin ya fito a 1928. Daga shi ba ta ƙara yin wani ba, har ta rasu a Buenos Aires a 1946.

Sirrin aikin yana ga kusanto da fuska. Dreyer ya hana kwalliya, ya sa Rudolph Maté ya matso da kyamara har fuskarta ta cika allo, alhali alƙalai ana ɗaukarsu daga ƙasa domin su yi mata rumfa. A wannan ƙunci, inda ba murya balle faɗin fili, ita ta san cewa ƙiftawar ido guda tana da nauyin jumla. Dubi lokacin da aka tambaye ta shekarunta: sai ta dakata, ta lissafa da yatsu, kafin ta ce goma sha tara, da wannan ɗan jinkiri ta bayyana ƙuruciya da rashin karatu da tsarkin zuciya gaba ɗaya, a gaban malamai masu taƙama da mujadala. Dubi kuma bayan ta sa hannu a takardar tuba saboda tsoron wuta, aka aske mata kai, ta ga ana share gashinta tare da kambin ciyawar da ta saƙa. A nan, ba tare da wani bayani ba, mai kallo yake ganin nadama ta kore firgici, yaƙini ya dawo mazauninsa, kafin ta nemi a kira alƙalai ta janye tubanta.

Masu cewa tsananin Dreyer ne ya fitar da wannan sun yi kuskure, domin tsanani yana iya jawo hawaye, amma ba ya koya musu lokacin zuba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a ganina wannan ita ce asalin balagar majigi. Sauti ni'ima ne, amma ya sauƙaƙa wa 'yan wasa faɗin abin da ya kamata su nuna. Saboda haka duk mai neman ƙwarewa a wannan fanni, wajibi ne ya fara karatunsa daga Falconetti.