4.3 Matsalar Kalma Mai Harshen Damo a Tambayoyin Auna Fahimta

A jarrabawar Hausa irin ta JAMB, akan ba ɗalibi nassi, sannan a jero masa amsoshi huɗu ya zaɓi ɗaya. Misali, a ce nassin ya ce manoman wani ƙauye sun yi asarar gero "saboda fari", aka tambayi dalilin asarar: (A) ambaliya (B) ƙarancin ruwa (C) ƙwari (D) gobara.

Nan take ɗalibi zai zubar da A da D, domin babu abin da ya danganta su da kalmar. Rikicin yana tsakanin B da C ne. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka "fari" na rashin ruwan sama da "fari" jam'in fara kamanninsu ɗaya a takarda. Ɗalibi mai lura zai nemi lamirin da ya biyo baya: in "ya" ne, B ke nan, in "sun" ne, C. To amma idan nassin bai sake ambaton kalmar ba, amsoshin biyu duk daidai ne, kuma makin da ɗalibi ya rasa laifin mai tsara tambayar ne.