Tausayin Biri da Amanar Ɗan Adam: Tsokaci a kan Littafin Frans de Waal

A shekarar 2013 masanin halayyar birrai ɗan ƙasar Holan, Frans de Waal, wanda ya rasu a 2024, ya fitar da littafinsa mai suna The Bonobo and the Atheist. Jigon littafin shi ne kyawawan ɗabi'u sun girmi addini, domin a ganinsa tushensu yana nan a cikin birrai, kuma ɗan Adam gadonsu ya yi daga kakannin da marubucin yake cewa sun haɗa mu da su. Idan wannan da'awa ta tabbata yadda ya kawo ta, wahayi ya zama fenti ke nan a kan ginin da ya riga ya tsaya.

Adalci ne a yarda cewa hujjojinsa na gani da ido ne. A gidan namun daji na Arnhem ya ga birran cimfanzi suna sasantawa bayan faɗa. A gwajin da suka wallafa shi da Sarah Brosnan a 2003 kuma, birin kafucin ya ƙi karɓar kokwamba da ya ga an ba ɗan'uwansa inabi a kan aiki iri ɗaya.

Sai dai marubucin ya ɗora wa waɗannan hujjoji kayan da ya fi ƙarfinsu. Da farko, Musulunci bai taɓa kore tausayi daga dabbobi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa daga kaso ɗaya cikin ɗari na rahamar Allah halittu suke jinƙan juna, har dabba takan ɗaga kofatonta don kada ta taka ɗanta. Abin da de Waal ya gani shaida ce ga wannan hadisi.

Na biyu, wanda ya yi bore a gwajin shi ne wanda aka rage wa rabo. Mai inabi kuwa cinye abinsa ya yi. Ƙin a cuce ka daban, adalci daban. Adalcin da aya ta 135 ta Suratun Nisa'i take nema shi ne mutum ya ba da shaidar gaskiya ko da a kan kansa ne ko iyayensa.

A nan ne bayanin Imam Gazali a Ihya'u ya fi zurfi. Ya bambanta mutum da dabba da abu biyu: ilimin da ke hango ƙarshen al'amura, da iradar da ke iya saɓa wa sha'awa saboda wannan hangen. A kansu taklifi ya ginu, da amanar da aya ta 72 ta Suratul Ahzabi ta ambata. De Waal da kansa ya yi ɗari-ɗari wajen kiran cimfanzi ma'abucin ɗa'a a cikakkiyar ma'anarta, amma bai bi wannan iƙirari zuwa inda ya nufa ba.

Littafin ya cancanci ɗaliban aƙida su karanta shi da natsuwa. Ya nuna mana kayan ginin da muke tarayya da dabbobi a kansu, amma bai amsa dalilin da ya sa mutum yake jin cewa za a tambaye shi abin da ya gina da su ba.