Ƙidayar Ambato da Nauyin Bincike: Sharhi a Kan Rubuce-rubucen Idris Mohammed Game da Sanƙarau

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin wasu daga cikin rubuce-rubucen Shehun Malami Idris Mohammed a kan ciwon sanƙarau da magungunansa. Shi dai likita ne ɗan ƙasar Gombe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Maiduguri. Za a ɗora ayyukan nasa a kan ma'auni biyu. Na farko shi ne wanda jami'o'inmu suka runguma a yau wajen ƙarin girma, watau ƙidayar ambato, ma'ana sau nawa wasu masana suka kawo sunan takardar mutum a cikin nasu rubutun. Na biyu kuwa shi ne abin da mutumin ƙasar Haɗeja zai so ya sani, tun da a bakin ƙofarsa cutar take sauka kowace 'yan shekaru: shin binciken ya ƙidaya shi, kuma ya kare ɗansa daga maganin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba?

Ita ƙidayar ambato ba daɗaɗɗiyar al'ada ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fito da kundinta a 1964, kuma nufinsa na farko shi ne a sauƙaƙa wa mai bincike gano wanda ya ɗora a kan aikin wane. A 2005 Jorge Hirsch ya dunƙule ta ta zama lamba guda: in an ce malami yana da 20, to, yana da takardu 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Abin lura a nan shi ne, lambar ba ta tambayar dalilin ambaton. Wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, da wanda ya ari adadi ɗaya daga gare ka, da wanda ya gina asibiti a kan shawararka, duk ɗaya suke a wurinta.

Aikin Bauchi

A 1981 mujallar Lancet ta buga takardar da Mohammed ya rubuta tare da K. Zaruba a kan yi wa jama'a allurar rigakafin sanƙarau a Jihar Bauchi, wadda a lokacin ta haɗa har da Gombe, kuma ta yi iyaka da ƙasar Haɗeja ta wajen Katagum. Sun ƙara faɗaɗa bayanin a 1984 tare da wasu abokan aiki. Ra'ayin da ke cikin waɗannan takardu shi ne a riga annoba isowa, a yi wa jama'a allura tun kafin hunturu ya kama, maimakon a jira sai an fara binne mutane. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe a kansa kuwa shi ne a jira adadin masu ciwon ya kai wani mizani a gunduma, sa'an nan a aika da allura.

Ba za a ce masu jiran ba su da hujja ba. Tsohuwar allurar ba ta kama ƙananan yara sosai, ƙarfinta yana dusashewa bayan 'yan shekaru, kuma ba ta kawar da ƙwayar cutar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita. Har wa yau, sanƙarau yakan lafa da kansa bayan ya yi ɓarna, saboda haka raguwar ciwon bayan allura ba ta isa shaida ita kaɗai ba. Wannan rauni ne na gaske a aikin Bauchi. Amma a kan asalin magana lokaci ya gaskata Mohammed. Da aka sami sabuwar allura mai suna MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso a 2010, ta iso Jigawa da wasu jihohin Arewa a ƙarshen 2011, tsarin riga-kafin nan aka bi, kuma sanƙarau na rukunin A ya kusa ɓacewa daga yankinmu.

Takardar annobar 1996

Takardar da aka fi sanin Mohammed da ita ta fito ne a 2000, a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasashen zafi ta Landan, tare da Abdulsalami Nasidi da wasu mutum shida. Shi ne ya shugabanci kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa don yaƙar annobar 1996, saboda haka ganau ne ba jiyau ba. Takardar ta nuna cewa daga Janairu zuwa Yuni na shekarar an rubuta sunayen mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, watau kashi 10.7 cikin ɗari, aka kuma yi wa fiye da miliyan 13 allura. Ta ƙunshi nazarin marasa lafiya 1,577 da aka kwantar a Asibitin Zana na Kano, inda aka ga kashi 84 cikin ɗari ba su wuce shekara 20 ba.

Duk wanda ya saba karanta rubuce-rubucen da suka biyo baya zai lura da inda ake ajiye wannan takarda: a gabatarwa, a jimlar da ke faɗin girman annobar. An mai da ita rumbun adadi, ana ɗiba ana wucewa. To, shi adadin nan kansa yana buƙatar a tsaya a kansa, domin marubutan sun faɗa da bakinsu cewa ba a iya tantance yawan waɗanda aka yi wa magani ba. Wanda ya isa asibiti shi aka ƙidaya. Mu ɗauki ƙasar Haɗeja alal misali. Sanƙarau ciwon rani ne, yana tashi da ƙurar hunturu, ya tsananta da zafin bazara, ya kwanta da saukar damina. A daidai wannan lokaci ne fadamun Kogin Haɗeja ke cika da baƙi, masu noman rani da masunta da makiyayan da suka gangaro neman ruwa. Yaron da ya sandare da dare a wata ruga ta bayan Guri ko Kirikasamma, aka binne shi kafin azahar, babu littafin da ya shiga. Su kuma baƙin da ke cikin fadama, ba su cikin ƙidayar jama'ar ƙaramar hukumar da za a raba adadin da ita. Hoton cutar da takardar ta zana hoton birnin Kano ne, an ɗauke shi a asibitin da likitocin ƙasashen waje suka yi sansani. Masu ambato sun kwashe lambar, sun bar gargaɗin da ya zo tare da ita, har ta zama kamar an ƙirga kowa da kowa.

Akwai kuma batun magani. Takardar ta yaba da kuloramfenikol wanda aka dama da mai, ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi a lokacin annoba. A Zariya ma, a 1979 Sadiq Wali da Brian Greenwood da abokan aikinsu sun nuna cewa allura ɗaya tak ta wannan magani tana iya warkar da ciwon. Ga ƙaramin asibitin ƙauye mai ma'aikaci ɗaya da marasa lafiya ɗari a ƙarƙashin bishiya, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai yabon da takardar 2000 ta yi masa ya dogara ne ga abin da aka gani a gadon asibiti, ba a kwatanta shi da wani magani ba. Shi kuwa kuloramfenikol an san yakan sa ɓargo ya daina yin jini, ko da yake ba kasafai ba, kuma illar takan bayyana ne bayan makonni ko watanni, lokacin da an riga an sallami majinyaci. Binciken da ya tsaya a ranar sallama ba zai taɓa ganin ta ba. A 2003 aka yi gwajin kwatanta shi da seftiriyazon a Maraɗi da Damagaram, aka buga a Lancet a 2005, ya nuna seftiriyazon bai gaza kuloramfenikol ba. Seftiriyazon ɗin ne ake ba da shawara a kansa yanzu.

Abin da ba ya shiga lissafi

A cikin wannan annoba, a wannan Asibitin Zana, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka ɗiba, aka ba wajen rabinsu Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon, wanda daga baya aka yi ƙorafin an rage yawansa. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Matsayin kamfanin har kullum shi ne cewa cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Idris Mohammed, a matsayinsa na shugaban kwamitin annoba, ya nemi a nuna masa takardun izini, ya kuma tsaya a kan a dakatar da gwajin. Ya ba da labarin wannan a littafin tarihin aikinsa mai suna Academics, Epidemics and Politics.

A ganina, ta fuskar amincin magani wannan tsayuwa ta fi kowace takarda tasa nauyi, amma a ma'aunin Hirsch ba ta da ko sisin kwabo. Duba yadda sauran labarin ya fito fili. Jaridar Washington Post ce ta tona shi a Disamba 2000. Sadiq Walin da aka ambata a baya, wanda a lokacin yake shugabancin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi ya bayyana cewa babu kwamitin ladabin bincike a asibitin a ranar da takardar izinin take ɗauke da ita. Kwamitin da Nasidi ya shugabanta ya gama rahotonsa a 2001, yana mai cewa an saɓa doka, amma rahoton ya kwanta a aljihun tebur sai 2006 jarida ta same shi. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kansa gwajin ba a buga cikakken sakamakonsa a mujallar da masana ke tacewa ba. Illar Trovan ga hanta kuwa, wadda ta sa Amurka ta taƙaita shi, Turai ta dakatar da shi a 1999, daga rahotannin marasa lafiyar can aka gano ta. Wasiƙa, da shaida gaban kwamiti, da rahoton gwamnati, su ne kayan aikin da aka kare jama'a da su, kuma babu ɗaya da kundin ambato yake ɗauka da daraja. Tsadar rashin yardar da ta biyo baya mun gan ta a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, mutane na kawo Trovan cikin hujjojinsu.

Ba ana cewa a jefar da ƙidayar ambato ba ne. Ita ce ta sa ɗalibi a Landan ko Dakar yake iya gano takardar 2000 cikin minti ɗaya. Damuwar ita ce abin da take koya wa ƙananan malamanmu na Dutse da Kafin Hausa. Matashin da ya ga da me ake auna shi zai zaɓi aikin da zai gama a wata uku ya buga, ya guji bin yara gida-gida shekara biyu don ya ga wanda ya kurmance ko wanda jininsa ya ƙone. Masana da kansu sun yi kashedi a kan wannan a sanarwar San Faransisko ta 2012, inda suka nemi a karanta aikin mutum maimakon a auna shi da sunan mujallar da ta buga shi.

Ga shi kuwa aikin yana jira. Bayan rukunin A ya ja da baya, rukunin C ya taso. Daga Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023, wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka zaci sun kamu a Nijeriya 'yan Jigawa ne. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare rukuni biyar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Cibiyar sa ido kan illar magunguna ta hukumar NAFDAC tana nan tun 2004, amma abin da ma'aikacin asibiti ya cike ya aika mata shi take gani. Shawarar da nake gabatar wa wannan taro ita ce, jami'o'in jihar nan su haɗa kai da Babban Asibitin Haɗeja a buɗe littafin bin sawun yaran da aka yi wa wannan allura da waɗanda suka warke daga ciwon a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, har da na rugage da sansanonin masunta, kuma kwamitocin ƙarin girma su lissafa shekarun da malami ya yi yana riƙe da littafin kamar yadda suke lissafa takardar da aka buga a waje.